Na Nawa Ka Zo? Matsayi a Aji da Zaɓen Darussa Masu Wuya

Gabatarwa

A ƙarshen kowane zangon karatu, idan makarantun sakandaren Samaru da Sabon Garin Zariya suka raba takardun sakamako, tambaya ɗaya ce ke jiran ɗalibi a gida, watau "Na nawa ka zo?" Da wuya a ji mahaifi ya tambayi ɗansa irin darussan da ya ɗauka, balle abin da ya fahimta a cikinsu. In yaro ya ce na ɗaya ko na biyu, sai a sa masa albarka, wani lokaci har da ɗinkin sabuwar riga. In kuwa ya ce na ashirin, sai fuska ta canza. Da haka yaro yake tashi da tunanin cewa darajarsa duka tana rataye ne a jikin wannan lamba da malamin aji ya rubuta a kusurwar takarda.

Wannan tunani ba ya yin wata ɓarna a zo a gani sai lokacin da ɗalibi ya gama ƙaramar sakandare, yana ɗan shekara 14 ko 15, aka ce ya zaɓi fannin da zai bi da darussan da zai ɗauka har tsawon shekara uku. A nan ne son riƙe matsayi yakan yi karo da bukatar ɗaukar darasi mai wuya. Wani yakan guje wa ajin kimiyya domin kada ya faɗo daga na uku zuwa na goma sha biyar. Wata takan ajiye Fiziks saboda ta ji an ce yana jan maki ƙasa. Wannan maƙala za ta duba abin da matsayi a aji yake aunawa, da abin da jami'a take tambaya a ƙofarta, da kuma abin da masu bincike suka gano game da al'amarin, domin ɗalibi da malaminsa su yi zaɓi da idonsu a buɗe.

Me Matsayi a Aji Yake Aunawa?

Masana lissafi sun bambanta lambobi iri biyu. Akwai lambobin awo, kamar tiya 40 ko mita 12, waɗanda ke faɗin yawan abu. Akwai kuma lambobin jeri, kamar na ɗaya, na biyu, na uku, waɗanda iyakar aikinsu su faɗi wanda ke gaban wani. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya ce buhun masararsa ya fi na kowa nauyi a rumfarsu bai faɗi tiya nawa ke ciki ba. Mai yiwuwa ne buhunan rumfar duka ba su cika ba. Matsayi a aji lambar jeri ce, saboda haka yana da nakasa guda huɗu da ya kamata kowane ɗalibi ya sani.

Ta farko, ba ya nuna tazara. Tsakanin na ɗaya da na biyar ana iya samun bambancin maki biyu kacal, ana kuma iya samun ashirin, amma takardar sakamako iri ɗaya za ta nuna.

Ta biyu, ya dogara ne ga waɗanda ɗalibi ya zauna da su. A ɗauka akwai aji biyu. A na farko, wanda ya zo na ɗaya yana da matsakaicin maki 58. A na biyu, wanda ya zo na goma yana da 74. In aka haɗa su a zauren jarrabawa guda, na goman nan ne zai wuce gaba, ko da yake shi aka yi wa faɗa a gida, aka kuma yi wa ɗayan tafi.

Ta uku, ba ya nuna ci gaban da aka samu tare. Da kowane ɗalibi a aji zai ƙara maki goma a kan na zangon baya, ajin duka ya ƙaru da ilmi, amma ko mutum ɗaya matsayinsa ba zai motsa ba. A ajin mutum 60, komai ƙoƙarinsu, dole 30 su kasance a rabin ƙasa.

Ta huɗu, kowane awo yana da kuskure. Wanda ya auna tsawon sanda sau biyar a ɗakin gwaje-gwaje ya san cewa amsoshin ba sa zuwa daidai da juna. Haka jarrabawa take. Da za a sake ta bayan mako guda da wasu tambayoyi, makin kowa zai ɗan hau ko ya ɗan sauka, kuma a inda makin ɗalibai ya cunkushe kusa da juna, wannan ɗan motsi ya isa ya mayar da na huɗu na tara.

Wannan ba ya nufin matsayi ba shi da amfani. Yana zaburar da masu son gasa, da shi ake raba kyaututtuka a ranar bikin makaranta, yakan kuma taimaka wajen zaɓen wakilan kacici-kacici. Kuskuren shi ne a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Lissafin Darasi Na Tara

Ɗalibin babbar sakandare yakan ɗauki darussa takwas zuwa tara, kuma makarantu da yawa suna fitar da matsayi ne ta hanyar haɗa makin darussan duka a raba da yawansu. Ga yadda wannan hanya take hukunta mai ƙarfin hali.

A ɗauka ɗalibai biyu suna aji ɗaya na kimiyya, ƙoƙarinsu kuma ɗaya ne. A darussa takwas da suka yi tarayya, kowannensu ya sami maki 70 a kowane darasi, watau jimla 560. Da aka zo darasi na tara, na farko ya zaɓi wanda ya riga ya saba da shi tun ƙaramar sakandare, ya ci 88. Na biyu ya zaɓi Lissafi Mai Zurfi, wanda ɗalibai ke kira Foda-Mas, ya sha wuya, ya ci 52.

Jimlar na farko ita ce 560 a tara da 88, watau 648. In aka raba da 9, matsakaicinsa 72 ne. Jimlar na biyu ita ce 560 a tara da 52, watau 612, matsakaicinsa kuma 68. Bambancin maki huɗu ne tak. Amma a babban aji, inda mutum goma za su iya kasancewa tsakanin 68 da 72, wannan ya isa ya sa na farko ya zo na uku, na biyu kuma ya tsinci kansa a na goma sha biyu.

Duk wanda ya dubi takardun biyu zai ce na farko ya fi ƙoƙari. Gaskiyar magana ita ce na biyu ya koyi rabin wani sabon ilmi da na farko bai taɓa jin ƙamshinsa ba. Lissafin matsakaici ya ɗauki makin kowane darasi a matsayin kuɗi iri ɗaya, alhali 52 a wani darasi ta fi 88 a wani tsada. Yara kuwa suna da wayo. Ko ba a koya musu wannan lissafi ba, sukan gano shi da kansu, su kuma tsara zaɓinsu a kansa.

Abin da Ake Tambaya a Ƙofar Jami'a

Ɗalibin Samaru ba ya bukatar tafiya mai nisa kafin ya ga inda darussan sakandare suke kai mutum. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962, tana nan a bakin hanyarsa. Shugabanta na farko, Norman Alexander, masanin Fiziks ne. Na biyu, Ishaya Audu, likitan yara ne. Na uku, Iya Abubakar, wanda ya riƙe ta daga 1975 zuwa 1978, masanin lissafi ne. A nan Samaru Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda asalinta ke komawa ga 1922, wadda kuma ta fito da ire-iren masara da dawa da gyaɗa da wake masu ɗauke da sunan garin. A 2019 aka amince da irin wakenta mai suna SAMPEA 20-T, mai jure wa tsutsar da ke huda kwanson wake. A Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'ar aka kunna tukunyar nukiliya ta bincike ta farko a Nijeriya a 2004. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da aka kafa a 1964, ga Asibitin Koyarwa a Shika. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da ƙofa, kowace ƙofa kuma tana da sharuɗɗa.

Sharaɗi na farko shi ne sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ta hukumar WAEC da aka kafa a 1952, ko ta NECO da ta fara shirya tata a 2000. Ana bukatar kiredit biyar, watau daga A1 zuwa C6, a darussan da suka dace da kwas ɗin da ake nema. Ga mai son likitanci, ko haɗa magunguna, ko digirin aikin jinya, darussan su ne Ingilishi, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji. Mai son injiniyanci ba shi da makawa sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri.

Sharaɗi na biyu shi ne jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ake rubutawa, jimlar maki 400, kuma kwas ɗin da ɗalibi ya nema shi ke tantance darussan. Bayan ita jami'a takan yi nata tacewar.

Abin lura a nan shi ne, babu inda waɗannan hukumomi suke tambayar na nawa ɗalibi ya zo a ajinsu. A zauren JAMB ɗan Samaru yana gogayya ne da ɗalibai fiye da miliyan guda daga kowane lungu na ƙasa, kuma kusan kowace makaranta ta turo nata na ɗaya. Ɗalibar da ta riƙe na ɗaya shekara uku a jere, amma ba ta ɗauki Fiziks ba, ba za a ma duba takardunta a sashen likitanci ba. Wadda ta yi ta yawo tsakanin na goma da na goma sha biyar, amma ta fito da kiredit a darussa biyar ɗin nan, ita ce ke da ikon shiga layi.

Gyara yana yiwuwa, amma da tsada. Ana iya sake rubuta jarrabawa a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, ana iya bi ta makarantun share fagen shiga jami'a, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke da ita a Funtuwa. Sai dai darasin da aka tsara a koya cikin shekara uku, da gwaje-gwajensa na hannu, ba ya haɗiyuwa cikin wata uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma a ɗauka cewa darasi mai wuya sai a ajin kimiyya. Mai son karatun lauya a Kongo ya san cewa yawancin jami'o'i suna neman kiredit a Adabin Ingilishi, darasin da ɗalibai da yawa ke gudu saboda yawan karatu da rubutun da ke cikinsa. Nahawun Larabci, da Tarihi, da nazarin Hausa yadda ya kamata, duk suna bukatar zama da haƙuri. Mai son nazarin tattalin arziki ba zai tsere wa Lissafi ba. Kowane fanni yana da nasa tudu.

Bayan An Shiga

Samun gurbi rabin tafiya ne. Lissafi Mai Zurfi, alal misali, ba a cika gindaya shi a matsayin sharaɗin shiga ba, shi ya sa ɗalibai ke ganin asarar maki ne kawai. Amma a shekarar farko ta jami'a, ɗalibin kimiyya ko injiniyanci zai yi kiciɓis da kalkulas, watau lissafin yadda abubuwa ke canzawa.

Ga ɗan ɗanɗano. In aka saki dutse a bakin rijiya mai zurfi, nisan da zai faɗa, a awon mita, ya yi kusan 5 sau daƙiƙoƙin da suka wuce sau kansu. Bayan daƙiƙa 1 ya faɗa mita 5. Bayan daƙiƙa 2 ya faɗa 5 sau 2 sau 2, watau mita 20. Lissafin yau da kullum zai ce dutsen ya yi mita 20 cikin daƙiƙa 2, saboda haka matsakaicin gudunsa mita 10 ne a daƙiƙa. To, amma da wane gudu yake tafiya daidai lokacin da daƙiƙa ta biyu ta cika? Kalkulas ne ke ba da amsa: gudun shi ne 10 sau daƙiƙoƙin da suka wuce, watau mita 20 a daƙiƙa, ninki biyu na matsakaicin. Da irin wannan lissafi ake gane yadda magani ke raguwa a jinin majiyyaci, da yadda ruwa ke sauka a madatsa, da yadda jirgin sama ke ɗagawa.

Ɗalibin da ya ci 52 a misalin baya ya riga ya yi kokawa da waɗannan abubuwa a ƙaramin aji, inda malami ya san sunansa, zai kuma iya duba littafinsa. Wanda ya ci 88 zai fara ganinsu ne a babban zauren lacca, cikin ɗaruruwan mutane, malami na gudu da manhaja. Wuyar da aka guje wa tana nan tana jira, an dai ɗage ranarta ne zuwa lokacin da faɗuwa ta fi ciwo.

Abin da Bincike Ya Nuna

Wannan matsala ba ta tsaya ga Zariya ba, kuma an yi nazarinta sosai a wasu ƙasashe. A 1999 wani mai bincike a ma'aikatar ilmi ta Amurka, Clifford Adelman, ya wallafa sakamakon bin diddigin dubban ɗalibai tun suna sakandare a 1980 har zuwa 1993. Ya so ya san abin da ya fi nuna wanda zai kammala digiri. Ya gano cewa nauyi da ingancin darussan da ɗalibi ya ɗauka a sakandare sun fi matsayinsa a aji, sun kuma fi makin jarrabawar shiga, wajen hasashen kammalawa. A cikin darussan kuwa, zurfin da ɗalibi ya yi a Lissafi ne ya fi tasiri. Ya kamata a tuna cewa ɗalibai masu ɗaukar darussa masu nauyi galibi dama masu himma ne, saboda haka ba a jingina wa darasin komai da komai. Duk da haka saƙon a fili yake.

Har wa yau a Amurka, jihar Teksas ta yi doka a 1997 cewa duk ɗalibin da ya shiga cikin kashi 10 cikin 100 na saman ajinsa yana da tabbacin gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar. A can, ke nan, matsayi ya zama tikiti. Binciken da Julie Cullen da abokan aikinta suka wallafa a 2013 ya nuna cewa wasu ɗalibai sun riƙa zaɓen makarantun da gasa ba ta da zafi, domin su shiga sahun gaba cikin sauƙi. Saboda irin wannan ne makarantu da yawa a ƙasar suke ƙara wa makin darasi mai wuya nauyi kafin su fitar da matsakaici, wasu kuma suka daina fitar da matsayi baki ɗaya. To, in har a inda matsayi ke sayen gurbi ana neman hanyar rage masa ƙarfi, ina ga Nijeriya inda ba ya sayen komai a ƙofar jami'a?

Akwai kuma tasirin matsayi a zuciyar yaro. A 1984 Herbert Marsh da John Parker suka nuna, a makarantun Ostireliya, cewa in aka sami yara biyu masu ƙoƙari ɗaya, wanda ke cikin haziƙai yakan raina kansa, wanda ke cikin masu rauni kuma yakan ga kansa gwani. A 2020 Richard Murphy da Felix Weinhardt suka wallafa nazari a kan ɗaliban Ingila, inda suka ga cewa ko da maki ɗaya ne, yaron da ya zo sama a ajinsa na firamare a wani darasi ya fi yiwuwar ci gaba da yin kyau a darasin, da kuma zaɓensa daga baya. Ma'anar wannan ga malami babba ce. Yarinyar da ta zo ta goma sha biyar a Lissafi a cikin aji mai ƙarfi tana iya yanke wa kanta hukuncin cewa ba ta iya ba, alhali da a wani aji take, ita za a riƙa nunawa.

Daɗin daɗawa, a 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck suka gwada yara 'yan kimanin shekara goma. Bayan an ba su aiki sun yi, sai aka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka ba su zaɓin aiki na gaba, waɗanda aka yaba wa basirarsu sun fi karkata ga mai sauƙi, domin kada su ɓata sunan da suka samu. Yaron da aka saba kira "na ɗaya" yana cikin wannan haɗari, domin yana da abin da yake tsoron rasawa.

A nan gida ma akwai abin koyi. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta riƙa tace haziƙai daga makarantu daban-daban tana tara su wuri guda. Kowane yaro da ya shiga ya bar wurin da yake a sahun gaba, ya je inda mutum ɗaya kawai zai zo na ɗaya. Da yawansu sun yi asarar matsayi, amma daga cikinsu aka sami likitoci da injiniyoyi masu yawa da jihar ke tinƙaho da su.

Wuya Mai Amfani da Marar Amfani

Ba kowace wahala ce ke haifar da ilmi ba. Masanin tunanin ɗan Adam Robert Bjork ya yi bayani a 1994 cewa wasu matsalolin da ke rage saurin koyo suna sa abin da aka koya ya daɗe a ƙwaƙwalwa, kamar mutum ya rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta, ko ya rarraba bitarsa cikin kwanaki maimakon dare guda. Amma ya gindaya sharaɗi: wahalar tana amfani ne ga wanda ke da tushen da zai iya shawo kanta. Ɗalibin da bai iya rarraba lamba da sarrafa aljabara ba, in aka jefa shi cikin kalkulas, ba zai tsinci komai ba sai karayar zuciya.

Haka nan, darasin da ba shi da malami, ko wanda ba a taɓa buɗe ɗakin gwajinsa ba, wuyarsa ba irin wadda ake nufi ba ce. Kuma ɗaukar kowane darasi mai nauyi lokaci guda don a burge mutane wani nau'i ne na bautar matsayi. Abin da ake nema shi ne darasin da ke kan hanyar da ɗalibi ya nufa, wanda kuma ya ɗan fi ƙarfinsa a yau, amma zai iya kai masa da taimako.

Shawarwari Ga Ɗalibai

1. Ɗalibi ya fara daga ƙarshe. Tun yana aji uku na ƙaramar sakandare, ya rubuta sana'o'i biyu ko uku da yake sha'awa, ya nemi littafin jagora na JAMB ya ga darussan da kowace ke bukata. Sharuɗɗa sukan canza, saboda haka na shekarar da ake ciki ake dubawa.

2. In bai yanke shawara ba tukuna, ya zaɓi haɗin darussan da ya fi barin ƙofofi a buɗe.

3. Ya auna kansa da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, a cikin lokacin da aka ƙayyade, ba tare da leƙa amsa ba. Wannan awo ya fi matsayi faɗin gaskiya.

4. Ya ba sabon darasi zango biyu kafin ya yanke masa hukunci. Faɗuwar maki a farkon koyon abu ba alamar daƙiƙanci ba ce.

5. Ya nemi abokan bita da suka fi shi. Mai tsoron a wuce shi yakan ɓoye littafinsa, ya kuma rasa abin da zai samu a na wasu.

Shawarwari Ga Malamai da Iyaye

1. In dole ne a fitar da matsayi, a rubuta kusa da shi matsakaicin aji da mafi girman maki a kowane darasi, domin uba ya san darajar 52 ɗin ɗansa.

2. A ware kyauta ga wanda ya fi samun ci gaba, da kuma ga gwanin kowane darasi shi kaɗai.

3. Kada a tura yaro wani fanni da matsayinsa na gaba ɗaya kawai. A duba makinsa a Lissafi da kimiyya da harshe, a kuma saurari abin da yake so.

4. A lura da 'yan mata musamman, kada a bar su su janye daga Fiziks da Lissafi saboda jita-jita, alhali asibitocin Arewa suna matuƙar bukatar likitoci mata da ma'aikatan jinya.

5. A gida, a ƙara wa tsohuwar tambaya wata: "Wane sabon abu ka iya a wannan zango?"

Kammalawa

A taƙaice, matsayi a aji yana gwada ɗalibi ne da mutanen da suka zauna ɗaki ɗaya da shi, kuma amfaninsa yana ƙarewa ranar da ya bar makarantar. Darussan da ya ɗauka kuwa su ne za su bi shi zauren JAMB, su shiga jami'a tare da shi, su kuma tsaya masa a wurin aiki. Wanda ya iya haɗa biyun, ya ɗauki mai wuya ya kuma zo na ɗaya, madalla. Wanda kuwa dole sai ya saki ɗaya, ya san wanda ya fi arha. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Tambayoyi Don Nazari a Aji

1. Wata ɗaliba tana da matsakaicin maki 75 a darussa takwas. Maki nawa take bukata a darasi na tara domin matsakaicinta ya zama 72?

2. A misalin ɗalibai biyu da aka kawo, in makaranta ta ninka makin Lissafi Mai Zurfi sau ɗaya da rabi kafin ta haɗa jimla, nawa jimlar na biyu za ta zama? Ya kamo na farko? A tattauna ko wannan hanya adalci ce.

3. An saki dutse a rijiya, aka ji ƙarar ruwa bayan daƙiƙa 3. Kimanin mita nawa ne zurfinta, kuma da wane gudu dutsen ya isa ruwan?

4. A kawo misalai uku na lambobin jeri da uku na lambobin awo daga harkokin kasuwa ko gona.